Firijin Ba-Ragi a Gasar Ƙure Maleji

Abin da Ba-Ragi ta rasa a wannan sha'ani shi ne firijin da marigayi mijinta ya bar mata, sai gefen mayafinta da wuta ta lasa. Abin da ta samu kuwa, wani firijin da ya fi wancan ciki, da ɗan dako mai ɗaure da laktaye, da wata doka guda wadda har gobe ba a soke ta ba. Duk wanda ya ce ta faɗi a cinikin, a tura shi kasuwa ya koyo.

Ba a banza sunan ya bi ta ba. Ƙanƙara take sayarwa da ruwan sanyi na leda a bakin ƙofar gidanta, kuma ko ciki ɗaya kuka fito, in ka ce a yi maka ragi, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Rana ta yi maka ragin zafi ne?" Firijin irin mai kwanciyar nan ne, mai murfi a sama. Fari ne a da, tsufa ya mai da shi ruwan ƙwai, yana gurnani kamar tsoho mai mura. Tun da marigayi ya kwanta dama, shi ke ci da ita da 'ya'yanta, shi ya sa take kiransa Maigida. Da safe shi take fara gogewa kafin fuskarta.

Marigayi ya bar mata wani abin kuma, wanda ba ta roƙa ba, wato ƙaninsa. Wannan ƙanin yana da shago a layin masu gyaran kwamfuta, shagon da in ya zauna a ciki sai gwiwarsa ta leƙo waje. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ko rana na fasa dutse sai ya ɗaura laktaye. An taɓa kai masa kwamfutar da ke jinkirin tashi, ya gyara ta, ta daina jinkiri, don ta daina tashi gaba ɗaya.

Wata safiya sai ga shi ya iso yana washe baki. Tela, maƙwabcinta, yana taka kekensa a rumfar da ke manne da ƙofarta.

"Matar yaya, an tashi lafiya? Yaya jikin Maigida?" in ji Injiniya, yana shafa murfin firijin.

"Cire hannunka. Tun da aka rufe yayanka ba ka taɓa gaishe shi ba. Me kake so?"

"Kin san ƙure maleji?"

"Na san ƙure haƙuri. Kai ne malaminsa."

Bai ji haushi ba, don mai nema ba ya fushi. Ya jawo benci ya shiga yi mata bayani. Ya ce kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, kuma masu ƙera ta sun yanka mata iyakar gudun da za ta yi. Su kuma masu gyara sukan kwance mata linzami, su tilasta ta ta wuce iyakar. In ta yi gudu sai ta ɗau zafi, in zafin ya yi yawa sai ta suma, ko ta ƙone. Saboda haka gasar duka ta sanyi ce: wanda ya fi iya sanyaya tasa, shi lambarsa ke hawa sama a allo, shi ke ɗaukar kofi.

"Wato jaki kuke jibga, kuna yi masa fifita," in ji Ba-Ragi.

Tela ya tsayar da keke ya ce, "Tambaye shi yadda aka kwashe a gasar bara."

"Maguɗi aka yi bara!" Injiniya ya miƙe tsaye. "Kowa ya san maguɗi aka yi!"

"Ni dai na ji an ce taka ta fara hayaƙi tun kafin a gama busa usur."

Wanda ya ci gasar bara wani saurayi ne shiru-shiru, ana ce masa Tabarau, ɗan mai babban kantin kayan wuta da ke bakin titi. Tun daga ranar Injiniya ya hana layin masu gyara sakat da zancen rashin adalci, har suka gaji suka ce masa, to bana kai ka kawo dokokin, mu huta. Wannan shi ne abin da ya zo yana taƙama da shi.

"Doka ta fari," ya ɗaga yatsa, "ba ruwa. Yaron nan da bututun ruwa yake sanyaya tasa, mu talakawa ina muka ga bututu? Duk wanda aka ga ɗigon ruwa a na'urarsa, ya fita. Ta biyu, a kashe fankokin ɗakin, a rufe tagogi. Bara a ƙarƙashin fanka ya zauna, ni aka jefa ni lungu. Bana kowa ya sha zafi iri ɗaya. Ta uku, ba cin nasara da kayan aro. Na san daga kantin ubansa yake kwaso kaya. Duk wanda ya ci da kayan wani, mai kayan ke da kofi."

Ba-Ragi ta ji wannan ta ukun, ta ɗauke ta ta ajiye inda take ajiye canji.

"To ni meye nawa a ciki?"

Ya sunkuyo, ya rage murya. "Su za su zo da 'yan fankokinsu kamar na yara. Ni kuwa cikin Maigida zan saka tawa. Matar yaya, ranar nan sai an rubuta ni a tarihi. Ara mini shi na yini ɗaya tak."

"Albarka."

"Ai ban taya ba tukuna."

"Ko ka taya, albarka."

Ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya tuno mata zumunci, ya tuno mata marigayi, har ya matso hawayen da bai fito ba. Ita kuwa tana ba mai saye ƙanƙara, tana karɓar kuɗi, kamar da bango yake magana. Sai da ta tambaye shi mutum nawa ke zuwa kallo, ya ce ɗakin cika yake har matakala, sannan ta dubi sama tana lissafi. Ɗaki cike, ba fanka, ba taga.

"Ji sharaɗina," ta ce. "Maigida ba ya fita shi kaɗai, ƙafata ƙafarsa. Ba ya fita da ciki wayam, da kayansa zai je. Kuma ba ya hutu. Inda ya sauka, nan ne shago."

"Wa zai tuna da ruwa ana kallon ilimi? Na yarda."

"In wani abu ya same shi fa?"

Injiniya ya bugi ƙirji har laktaye ya yi tsalle. "A hannuna? In ko ƙwarzane ya samu, ni zan zama ɗan dakonki har ranar da kika ce ya isa."

"Tela, ka ji?"

"Na ji, na ɗinke," in ji Tela.

Ranar gasa aka ɗora Maigida a kan kurar turawa. Injiniya ya ce ba ya son 'yan dako su taɓa kayan kimiyya, shi zai tura. Ba-Ragi na biye da kujerarta a ka, Tela ya rufe rumfa ya bi su, ya ce wannan kallon ya fi ɗinki. Ba su kai kwana ba kura ta fi ƙarfin Injiniya a gangara, ta ja shi da gudu, yana ihu a kauce, mutane na darewa.

"Injiniya, an fara ƙure malejin ne tun daga nan?" wani mai faci ya ƙwala masa.

"Wa ya rasu?" in ji wata mata daga taga, da ta ga farin akwati ya wuce.

Ramin da ya tare kurar ne ya cece shi. Ba-Ragi ta iso, ba ta dubi goshinsa da ya kumbura ba, ta kara kunne a jikin firijin, ta shafa shi, sannan ta ce a ci gaba.

Ɗakin gasar a saman bene yake, kan shagunan masu gyara, matakalarsa kuwa ƙunci gare ta kamar maƙogwaron kaza. Nan Injiniya ya sauko daga kan girmansa ya nemi taimako. Ƙarti suka kama ta ƙasa, shi yana sama yana ba da umarni. A tsakiyar matakala murfin ya ɗan ɗaga ya koma, ya cafke masa laktaye. Haka aka ƙarasa hawa da shi, a sunkuye, fuskarsa manne da murfi, yana cewa "hagu, hagu" da muryar ɗan akuya.

A ciki an jera tebura, kowane mai gasa da kwamfutarsa a buɗe, hanjinta a waje, da 'yan fankoki kewaye da ita. Tabarau na gefe da tasa tsaf-tsaf, ya cire bututun ruwan kamar yadda doka ta ce. A kan teburin tsakiya ga kofi yana ƙyalli. Alƙalin gasar wani dattijo ne mai sayar da wayoyin wuta, wanda ya taɓa hura wasan ƙwallo a zamanin ƙuruciya, har yau ana ce masa Lafari, har yau kuma usur ɗin na rataye a wuyansa.

Da aka dire firijin, ɗakin ya fashe da dariya. Tabarau ya gyara gilashinsa ya ɗaga hannu.

"Baba Lafari, ina da magana. An ce ba ruwa. Wannan akwatin cike yake da ƙanƙara."

"To?" in ji Injiniya.

"Ƙanƙara ai ruwa ce."

"Jama'a ku ji ɗan boko! Ka taɓa yin alwala da ƙanƙara? Ka taɓa wanke riga da ita? In na jefe ka da ruwa, ka jiƙe. In na jefe ka da ƙanƙara, sai asibiti. Abu ɗaya ne?"

Aka yi ta ce-ce-ku-ce, rabin ɗaki na nan, rabi na can. Lafari ya busa usur ya yanke hukunci: ƙanƙara ba ruwa ba ce matuƙar tana tsaye da ƙafafunta. Injiniya ya zagaya ɗakin yana ɗaga hannu kamar an riga an ba shi kofin. Sannan da kansa ya bi ya kashe fankokin sama, ya rufe tagogi, har ya cusa tsumma a wata kafa da ya ce iska na satar hanya ta nan zuwa teburin Tabarau.

Ya shimfiɗa faranti a kan tubalan ƙanƙara, ya kwantar da kayan cikin kwamfutarsa a kai, ya zaro wayoyin ta ƙarƙashin murfi zuwa allon da ya ɗora a kujera. Firiji da kwamfuta duka ya cusa su a soket ɗaya. Ba-Ragi ta kafa kujerarta a gefen Maigida, ta ɗaura jakar canji a ƙugu, ta naɗe hannu.

Usur ya tashi. Ɗaki ya cika da ƙugin fankoki. Ba-Ragi ba ta iya karatun allo ba, amma ta iya karatun fuska, kuma fuskar Injiniya ta nuna lambarsa na hawa.

"Ku matso ku ga aiki!" yake cewa. "Wannan ba gyaran tocila ba ne! Tabarau, in an tashi ka zo in ɗauke ka almajirin sana'a, ba sai ka biya ba!"

Ba a jima ba ɗakin ya koma tanda. Numfashin mutane, zafin na'urori, ga kwanon rufi na gasa kai. Riguna suka manne a baya. Wani ɗigon gumi ya gangaro daga hancin Tabarau, ya yi lilo, ya faɗa kan kwamfutarsa. Ashe Injiniya na fakonsa.

"Lafari! Ruwa! Na gani da idona! A fitar da shi!"

"Gumi ne, Injiniya."

"Gumi dutse ne? Doka ta ce ɗigo!"

Lafari ya share nasa gumin da hula, ya ce a ci gaba, zai duba maganar a ƙarshe. Sannan ya haɗiye yawu, ya ji babu yawun. Ya dubi firiji. Ya taho a hankali kamar mai zuwa gaisuwa.

"Uwar gida, a ba ni guda ɗaya mai sanyi."

Ba-Ragi ta ɗaga murfi. Wani farin tururi ya taso, iskar ɗakin mai zafi ta faɗa ciki.

"Rufe! Rufe!" Injiniya ya yi kururuwa. "Matar yaya, za ki kashe ni!"

"Ciniki ya zo."

"Ana tsakiyar gasa!"

"Inda ya sauka nan ne shago. Tela?"

"Na ɗinke," in ji Tela daga cikin taro, yana miƙo nasa kuɗin.

Lafari ya ji farashin ya ɗaga gira. "Ai ba haka kike sayarwa a gida ba."

"Wannan ruwan ya hau bene."

Ai ganin Lafari na tsotsar leda, ƙishirwar kowa ta farka. Layi ya miƙe daga firiji har bakin matakala. Murfi ya tashi, murfi ya sauka, ya tashi, ya sauka, kamar bakin mai gulma. Duk ɗagawa sai lambar Injiniya ta ja da baya, shi kuma ya yi tsalle kamar an taka masa ƙaya. Ledojin ruwa suka ƙare, aka koma sayen ƙanƙara ana ɗorawa a ƙeya. Ba-Ragi ta fara zaro tubalan daga ƙarƙashin farantin, faranti ya karkace, kwamfuta ta zame gefe ta jingina da bango kamar mai jin barci.

"Wannan tubalin shi ke riƙe da ni!"

"An riga an biya shi."

"To na saye sauran duka! Kar ki ƙara buɗewa!"

Ta miƙa masa tafin hannu.

"In an tashi zan ba ki."

"Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ban da cikin Maigida. Mai bi!"

Sauran masu gasa kuwa zafi ya fara kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ta wani ta suma, allo ya yi shuɗi. Ta wani ta yi ƙara kamar ɓera ta mutu. Wani ya cire riga yana yi wa tasa fifita, Injiniya ya hango shi ya yi ihu cewa riga ma fanka ce, aka fitar da bawan Allah yana zage-zage. Aka bar mutum biyu, Tabarau da Injiniya, kuma Tabarau ne a gaba.

Injiniya ya leƙa cikin firiji ya ga kayan kwamfutarsa sun yi raɓa, ƙasan kuma ruwa ya fara taruwa. Ya dubi layi, ya dubi matar yayansa. Sai ya yi wuf ya maida murfi, ya ɗare kai ya zauna, ya harɗe ƙafafu.

"Sauka daga kan Maigidana," in ji Ba-Ragi.

Ɗaki ya kwashe da dariya, wani har da faɗuwa daga benci.

"Ba zan sauka ba sai an busa!"

"Yayanka ma bai taɓa hawa kansa ba."

"Yayana bai san kimiyya ba!"

Ta kama ƙafarsa tana ja, masu ƙishirwa suka kama ɗayar, shi kuma ya rungume murfin ta baya. Maigida na ta gurnani a ƙarƙashinsa, gurnanin da ba ta taɓa jin irinsa ba. Amma abin mamaki, da murfin ya zauna a rufe, sanyi ya taru, sai lambar ta fara hawa. Ta kamo ta Tabarau. Ta yi kafaɗa da ita. Ta wuce.

"Ya wuce shi," in ji Lafari, yana leƙa allon da ido ɗaya. "Wallahi ya wuce shi. Na gani."

Da Injiniya mai hankali ne, da ya zauna shiru an busa usur. Amma ina! Ya fizge ƙafafunsa, ya miƙe tsaye a kan murfin, ya ware hannu.

"Ina masu cewa ni injiniyan baka ne? Ina mai faci? Ina Tela? A kira masu ɗaukar hoto!"

Ya fara rawa. Taku na fari, murfi ya lotsa. Taku na biyu, bakin murfin ya ciji wayar wutar da ke ƙarƙashinsa. Na uku bai sauka ba.

Fau!

Wani shuɗin haske ya tsaga ɗakin, soket ya yi tartsatsi, harshen wuta ya lashi gefen mayafin Ba-Ragi, Tela ya kashe shi da hularsa. Duk alluna suka mutu. Injiniya ya yi sama, ya sauko kan ruwan da ya malale a ƙasa, santsi ya kwashe shi, ya kama murfi don ya tsira, murfin ya buɗe, ya faɗa ciki da baya. Ba a ganin komai nasa sai takalma biyu suna harbin iska.

Mutane suka yi kan matakala, wasu suka ɓalle tagogi. Da hayaƙi ya lafa, aka zaro Injiniya yana ɗigar ruwa, gashin girarsa ɗaya babu, wani guntun kwamfuta maƙale a wandonsa.

Ba-Ragi ba ta dube shi ba. Ta durƙusa ta kara kunne a jikin firijin. Shiru. Ta ɗan buga gefensa inda takan buga in ya yi gardama. Shiru. Gurnanin da take kwana da shi take tashi da shi tun rasuwar marigayi ya ɗauke. Ta daɗe a durƙushe, har masu dariya suka ji kunya suka bari. Sannan ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta taka zuwa teburin tsakiya, ta ɗauki kofin ta saƙale a hammata, ta dawo ta zauna a kan gawar Maigida.

"To, a yi shari'a," ta ce.

Injiniya ya farfaɗo da jin haka. "Shari'ar me? Lafari ya gani! Lambata ce a sama! Matar yaya, miƙo kofina."

"Na'urarsa a cikin ruwa take iyo," in ji Tabarau. "Doka ta fari."

"Kai ma gumi ya ɗiga a taka! Ni na fara kai ƙara!"

Lafari ya busa usur, ruwa ya fito daga ciki. Ya ce in dai za a bi dokar ruwa, to babu wanda ya tsira a ɗakin nan, har shi alƙalin, don duk wanda ya sunkuya kan na'ura ya ɗiga mata. Dokar da ta kori kowa ba ta kori kowa ba. An soke ta. Lambar da ta fi ita ce ta ci.

Injiniya ya daka tsalle, ya miƙo hannu biyu.

"Baba Lafari," in ji Ba-Ragi, "ni ban yi makaranta ba, a tuna mini. Dokokin nan biyu ne ko uku?"

Sai wani daga baya ya ce, "Kayan aro!" Wani ya karɓa, "Mai kaya ke da kofi!"

"Firijin wa ye wannan?" Lafari ya tambaya.

"Na Ba-Ragi!" ɗaki ya amsa baki ɗaya.

"Na yayana ne!" in ji Injiniya. "Kayan yayana kayana ne! Gida ɗaya muke!"

"Ranar rabon gado babur ka ɗauka, ka ce firiji kayan mata ne. Ina babur ɗin?"

"Wannan wata magana ce daban."

"Da ka zo ƙofata, 'ara mini' ka ce, ko 'miƙo mini'? Tela?"

"'Ara mini shi na yini ɗaya tak,'" in ji Tela, har da kwaikwayon muryar. "Ɗinkin bai warware ba. Da maganar dako ma."

"Wa ya kawo wannan dokar banzar?" Injiniya ya yi ihu.

"Kai!" in ji ɗaki.

Lafari ya busa na ƙarshe. Kofi na Ba-Ragi ne. Aka yi tafi, aka yi shewa, wasu na cewa a ɗaga ta sama, ta ce duk wanda ya taɓa ta sai ya biya.

Ta juya kofin ta leƙa cikinsa. Roba ce aka shafa wa ruwan zinariya, an huda gindinsa da kusa, ko ruwa ba zai riƙe ba. Amma ta ga yadda Tabarau ke kallonsa, irin kallon da yaro ke yi wa ƙanƙara da azahar. An ce har ya riga ya kafa masa katako a kantin ubansa, kusa da na bara.

"Inna," ya ce a hankali, "ke me za ki yi da shi?"

"Zan riƙa zuba tsinken sakace. Ko kana so ne?"

"A sayar da kofi? Wannan maguɗi ne!" in ji Injiniya.

"Akwai dokar da ta hana?" Ba-Ragi ta tambayi Lafari.

"A cikin ukun da ya kawo, babu."

"To taya, ɗan nan."

Tabarau ya ce zai kawo mai gyara ya duba firijin, shi zai biya.

"Albarka. Gawa ba ta zuwa asibiti."

Ya ce akwai wani ƙaramin firiji a kantinsu, mai tsayuwa.

"Albarka. Ƙanƙara nake sayarwa, ba maganin ciwon ido ba. Sabo nake so, a kwalinsa, mai murfi biyu."

Tabarau ya ce in ya taɓa sabo ubansa zai kore shi daga gida. Ta miƙe, ta gyara kofi a hammata, ta ce Tela ya ɗauko mata kujera. Ta kai bakin matakala, masu gyara suka sha gabanta suna ba ta haƙuri, don in kofin ya tafi gidan mai ƙanƙara, layinsu ya zama abin dariya har jikoki. Tabarau ya cire gilashi ya goge, ya maida. Ya ce akwai wani babba mai kwanciya, wani otal ya yi amfani da shi kaɗan ya dawo da shi, ya fi nata ciki, ko tari ba ya yi. Wannan zai iya roƙon ubansa.

Ba-Ragi ta tsaya. Ta dubi Maigida a kwance da lotsattsen murfi. Ta taɓa jakar canjin da ke ƙugunta, wadda yau ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi fankokin sama da aka kunna yanzu, suna kaɗa iska a banza, kyauta. Sannan ta dawo ta zauna.

"To ku buɗe kunne, ba na maimaitawa. Firijin otal ɗin, yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi, in kara kunnena in ji muryarsa tukuna. Wancan mai gira ɗayan shi zai turo shi har ƙofata, kuma shi zai riƙa hawo da shi benen nan duk ranar gasa, da laktayensa. Wurin nan da nake zaune nawa ne, ba mai sayar da ko ɗigo a ɗakin nan sai ni."

"Mun yarda," in ji Lafari. "Shi ke nan?"

"Saura ɗaya. Kun soke dokar ruwa, ta aro kuma ta gama aikinta. Amma ta biyun nan, ta kashe fanka da rufe taga, ƙanin mijina ya yi gaskiya, adalci ce tsantsa. Kowa ya sha zafi iri ɗaya. Ta zauna har abada."

Ta miƙa wa Tabarau kofin.

"A haka, na sallama."